Ɗalibi a Tsakiyar Ƙwararru: Abin da Agogon Nico Young Ya Faɗa da Abin da Ya Ɓoye

A daren 16 ga watan Maris na shekarar 2024, a filin wasannin wata makarantar sakandare da ke San Juan Capistrano, a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 21 ya shiga tseren mita 10,000 a kan fili karo na farko a rayuwarsa. Sunansa Nico Young, ɗalibin Jami'ar Arewacin Arizona. Ya kammala zagaye 25 ɗin cikin minti 26 da daƙiƙa 52.72. Mutum ɗaya kacal ya riga shi taka layi, wato Grant Fisher, mai riƙe da tarihin Amurka a wannan zango, kuma ko shi ɗin da ƙyar, don ratar da ke tsakaninsu ba ta cika daƙiƙa guda ba. Tarihin jami'o'in Amurka da Sam Chelanga ya kafa tun 2010 ya faɗi a daren da tazarar sama da daƙiƙa 15. Mako bakwai kafin nan, a rufaffen filin Jami'ar Boston, Young ɗin nan ya yi mita 5,000 cikin 12:57.14, ya zama ɗalibi na farko a tarihin wasannin jami'o'in ƙasar da ya sauko ƙasa da minti 13.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, tambaya ɗaya ce ke biyo baya. In har ɗalibi zai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙwararru haka, me zai hana ya doke su, me kuma zai hana ya kafa tarihin duniya? Tambayar ba ta wofi ba ce, domin an taɓa yi. Sai dai abin da shekarun nan suka nuna shi ne, fitaccen ɗalibi na iya shan gaban ƙwararru a daren da aka tsara domin gudu mai sauri, yana kuma iya kaiwa ga tarihin ƙasarsa bayan ya bar makaranta, amma ƙofar tarihin duniya a rufe take gare shi muddin yana sanye da rigar jami'a. Ita kuwa lambar da agogo ya nuna, wadda ta ta da tambayar tun farko, ita ce mafi raunin shaida a kan abin da yaron zai zama.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, wasannin jami'o'in Amurka suna ƙarƙashin wata hukuma da ake kira NCAA, kuma babu wata ƙasa da ke da makamancinsa. Jami'a kan ɗauki ɗan tsere ta biya masa kuɗin karatu, ta ba shi koci, likita, filin atisaye da kuɗin tafiye-tafiye, shi kuma ya yi mata gasa na tsawon kaka huɗu. Wannan ne ya sa matasa daga Kenya, Eritiriya, Ingila, Afirka ta Kudu da Nijeriya ke tururuwa can. Jami'ar da Young ya zaɓa tana garin Flagstaff, wanda ke bisa tudun da ya kai kimanin mita 2,100 daga gaɓar teku, inda ƙarancin iskar shaƙa ke tilasta wa jiki ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Tsakanin 2016 da 2022 tawagar mazanta ta lashe kofin ƙasa na gudun daji, wato tseren da ake yi a kan ciyawa da tabo da tudu, har sau shida. Saboda haka kalmar “ɗalibi” a nan kada ta rudi mai karatu. Ba wani yaro ba ne da ke fita gudu bayan lacca don motsa jini.

A fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. Tarihin duniya na mita 10,000 shi ne 26:11.00, wanda Joshua Cheptegei na Yuganda ya kafa a Valencia ranar 7 ga Oktoban 2020. Tsakaninsa da abin da Young ya yi akwai daƙiƙa 41.72. A takarda ƙaramar lamba ce. A fili kuwa, ma'anarta ita ce lokacin da Cheptegei zai taka layi, Young na da sauran kusan mita 260 a gabansa, sama da rabin zagaye. Cheptegei ya riƙa cin kowane zagaye cikin daƙiƙa 62.8 a matsakaici, Young kuma 64.5. Bambancin bai kai daƙiƙa biyu a zagaye ba, amma sai an maimaita shi sau 25 babu hutu, kuma a wannan matakin kowace daƙiƙa da aka rage ta fi wadda ta gabace ta tsada. Haka abin yake a mita 5,000: tarihin Cheptegei na Monaco, 12:35.36, ya bar 12:57.14 a baya da kusan mita 140. Wanda ya rage minti guda tsakanin shekararsa ta farko da ta huɗu a jami'a yakan ɗauka saura ƙiris, alhali daƙiƙa ashirin ɗin ƙarshe su ne waɗanda mafi yawan gwanayen duniya suka tsufa ba su ci ba.

Amma an ce an taɓa yi, kuma wanda ya yi ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar 1978 Henry Rono, ɗan ƙabilar Nandi daga Kenya, yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman, a hannun koci John Chaplin. Ranar 8 ga Afrilu, a wata gasar jami'o'i ta yau da kullum a Berkeley, ya yi mita 5,000 cikin 13:08.4. Tarihin duniya. Ranar 13 ga Mayu a Seattle ya yi mita 3,000 mai tsallake shinge da ramin ruwa cikin 8:05.4. Tarihin duniya. Ranar 11 ga Yuni a Vienna ya sauko da na mita 10,000 zuwa minti 27 da daƙiƙa 22, ya karɓe shi daga hannun Samson Kimobwa, wanda shi ma ɗalibin jami'ar tasu ne. Ranar 27 ga Yuni a Oslo ya rufe da mita 3,000 cikin 7:32.1. Tarihin duniya huɗu cikin kwana 81. Biyu daga cikinsu sun kai har 1989 ba a taɓa su ba, shi kuwa 13:08.4 ya zauna a matsayin tarihin jami'o'i na buɗaɗɗen fili shekara 44, sai a 2022 Abdihamid Nur, wani ɗalibin Flagstaff, ya ture shi.

Duk wanda ke mafarkin ganin ɗalibi ya kafa tarihin duniya, Rono yake hange. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake tsallakewa a labarin. Rono na da shekara 26 a lokacin, ya yi aikin soja a Kenya, an kuma riga an zaɓe shi cikin tawagar ƙasarsa ta gasar Olamfik ta 1976 kafin ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, su ƙaurace wa Montreal. Cikakken mutum ne da ya shigo aji. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: a 1978 babu ƙwararru a ma'anar da aka sani yau. Doka ta hana ɗan tsere karɓar lada a fili. Abokan hamayyarsa malaman makaranta ne, sojoji, ma'aikatan gidan waya, 'yan sanda, masu atisaye kafin aiki da bayan tashi. A wancan zamani, gurbin karatu a jami'ar Amurka na cikin mafi kyawun tallafin da ɗan tsere zai samu a duniya. Ɗalibin shi ne mai gata. Sai a farkon shekarun 1980 aka fara sassauta dokar kuɗi, aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a Helsinki a 1983, kamfanonin takalma suka shigo da kwangila, sansanonin atisaye suka bunƙasa a tuddan Kenya da Habasha. Daga nan gatan ya koma wani gida. Rono bai doke ƙwararru yana ɗalibi ba, don babu su. Ya doke duniyar da shi ne mafi kusa da zama ƙwararre a cikinta.

Ƙarshen labarinsa ma abin lura ne, ko da a taƙaice. Kenya ta sake ƙaurace wa gasar Olamfik ta 1980, don haka bai taɓa taka wannan dandali ba. Ya ƙara inganta tarihinsa na mita 5,000 a 1981, daga nan giya ta ci ƙarfinsa, har ya yi zaman gidan marasa galihu a Amurka kafin ya farfaɗo ya koma koyarwa. Ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024, makonni kaɗan bayan Young ya yi gudunsa na Boston.

Hujjar da masoya Young suka fi riƙewa ita ce shekaru: yaron 21 kawai yake, ina ga ya kai 26? Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da kaifi biyu. Kenenisa Bekele na Habasha yana da shekara 21 daidai lokacin da ya yi 12:37.35 a Hengelo a watan Mayun 2004. Cheptegei na da 23 a daren Monaco. Jakob Ingebrigtsen na Norwe, wanda bai bi ta jami'ar Amurka ba sam, ya ci zinaren Olamfik yana ɗan 20. Ashe shekarun jami'a su ne ainihin shekarun da ake kafa tarihin duniya, sai dai masu kafawar ba a aji suke ba. A shekara ɗaya ta rayuwa, Bekele ya fi Young da kusan daƙiƙa 20. Wanda ya ce ƙuruciya ce uzurin ɗalibi, sai ya bayyana dalilin da ya sa ba ta zama uzurin waɗancan ba.

Hanyar da ɗan Amurka ke bi daban ce, kuma Grant Fisher ne misalinta. Ya yi karatu a Stanford, ya ci kofin NCAA na mita 5,000 a 2017, ya kammala a 2019 ba tare da ya ko kusanci minti 13 ba. In da agogon jami'a ne ma'auni, da babu mai sa shi a sahu ɗaya da Young. Shekara biyar bayan ya fita ya ɗauki tagulla biyu a gasar Olamfik ta Paris, sannan a watan Fabrairun 2025, yana da shekara 27, ya kafa tarihin duniya biyu na rufaffen fili cikin mako guda: 7:22.91 a mita 3,000 a New York, da 12:44.09 a mita 5,000 a Boston. Masu bin wasannin Nijeriya sun ga irin wannan a wani fanni: Tobi Amusan ta ci kofin NCAA a 2017, tarihin duniyarta na 12.12 kuwa bai zo ba sai 2022. A ɗaya gefen akwai Edward Cheserek, wanda ya tara kofunan NCAA 17 a Oregon, fiye da kowane namiji ɗan gudun dogon zango a tarihin hukumar, amma bai taɓa bayyana a gasar Olamfik ba. Idan aka jera mutanen nan, abin da ke fitowa shi ne bajintar jami'a na nuna akwai baiwa, amma ba ta faɗin inda baiwar za ta tsaya.

Sai a duba yadda ake ƙera daren gudu mai sauri, domin ƙera shi ake yi. Tseren Kalifoniya an shirya shi ne musamman don 'yan tsere su cimma mizanin shiga Olamfik, wanda a lokacin minti 27 ne cif. An sa shi da dare, lokacin da iska ta kwanta, sanyi ya sauka. An ɗauki masu jan gaba, waɗanda a wannan sana'a ake wa laƙabi da zomaye, aikinsu su riƙe saurin da aka yi yarjejeniya a kai, su tare wa na baya iska, sannan su fice kafin ƙarshe. Babu mai yi wa wani dabara, don kowa agogo yake yaƙa. A daren mutum takwas suka sauko ƙasa da minti 27, cikinsu har da wani ɗalibin, Habtom Samuel ɗan Eritiriya na Jami'ar New Mexico. Filin Boston kuwa ya yi suna a duniya saboda yadda aka karkata kwanoninsa da yadda daɓensa ke maido wa ƙafa ƙarfi, har ƙwararru daga nahiyoyi daban-daban ke zuwa can neman lokaci. A kan wannan a ɗora takalman zamani, masu soso mai tsalle da faranti mai tauri a tafinsu, waɗanda suka bazu tun wajen 2020, da fitilun da ke gudu a gefen fili suna nuna saurin da ake nema, irin waɗanda Cheptegei ya bi a Monaco da Valencia.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa doka, babu kuma wanda ya rage wa Young daraja, tun da kowa a filin takalmi iri ɗaya ya sa. Abin da suka rage wa daraja shi ne kalmar “tarihi” kanta. Na Chelanga ya yi shekara 14. Na Young bai wuce shekara ɗaya da mako biyu ba, domin a ƙarshen Maris ɗin 2025, a fili ɗaya da gasa ɗaya, Ishmael Kipkurui ɗan Kenya na Jami'ar New Mexico ya yi 26:50.21. Idan abu ya zama ana karya shi kowace kaka, to ya daina zama alamar mutum ɗaya tilo a zamaninsa, ya koma alamar cewa zamanin ne gaba ɗaya ya matsa.

Shaidar da ta fi amfani tana wani wuri, kuma masu yabo ba su cika son ambatonta ba. A watan Yunin 2024, a Eugene, aka yi tseren ƙarshe na mita 5,000 na NCAA. Young ya shigo da 12:57 a aljihu da kofuna biyu na rufaffen fili da ya ci a watan Maris. Babu zomo. Aka tafi a hankali, kowa na kallon kowa, har aka kusa ƙarshe, sannan aka ɓarke. Parker Wolfe na Jami'ar North Carolina ya wuce shi, ya ci kofin da 13:54, kusan minti guda a bayan lokacin Young na Boston. Mutumin da ya fi kowane ɗalibi sauri a tarihi ya sha kashi a hannun ɗalibi ɗan'uwansa. Haka kuma bai taɓa cin kofin gudun daji na NCAA na ɗaiɗaiku ba. Mafi kusa shi ne na biyu a 2022. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a gudun dogon zango miya na ƙarewa ne lokacin da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe.

Dalilin wannan a jiki yake. Gudu da zomo na gwada abu ɗaya: tsawon lokacin da mutum zai iya riƙe wani sauri kafin tsokarsa ta cika da gajiya. Tseren neman lamba na gwada wannan, ya ƙara da iya canza sauri a tsakiya, iya zaɓar wurin tsayawa cikin cunkoso, haƙurin jira, da ƙarfin cin mita 400 na ƙarshe cikin daƙiƙa hamsin da 'yan kai bayan an riga an yi kilomita tara da rabi. Na farkon baiwa da tudu da atisaye na kawo shi da wuri. Na biyun sai an sha kaye sau da yawa a hannun waɗanda suka fi iyawa. Wata biyu bayan Eugene, a tseren ƙarshe na mita 10,000 na Olamfik a Paris, Young ya yi 26:58.11, lokacin da ya fi tsohon tarihin Olamfik na Bekele. Na 12 ya zo. Mutum 13 ne suka fi tsohon tarihin a daren, Cheptegei ya ci da 26:43.14. Young ya jure saurin kusan har ƙarshe. Da manyan suka tashi, suka bar shi da daƙiƙa 15.

Akwai kuma batun kalanda, wanda shi ne ainihin katangar. Ɗalibi na da kaka uku a shekara: gudun daji daga Satumba zuwa Nuwamba, rufaffen fili zuwa Maris, buɗaɗɗen fili zuwa Yuni. Kowace na da gasar yanki da ta ƙasa, kuma kocin da albashinsa ya rataya a kan makin tawaga zai so gwaninsa ya shiga tsere biyu a ƙarshen mako ɗaya. Sau uku ke nan a shekara ake buƙatar jiki ya kai ƙololuwa, ga jarrabawa a tsakani. Lokacin da manyan gasannin Turai ke kankama a Yuni da Yuli da Agusta, ɗalibi ya riga ya yi wata tara yana fafatawa. Ƙwararre kuwa yakan zaɓi dare ɗaya ko biyu a shekara ya gina komai a kansu: watanni na gudun kilomita masu yawa ba tare da gasa ba, barcin rana, mai tausa, da wakilin da zai shirya masa zomaye. Cheptegei bai je Valencia don ya ci wa wata makaranta maki ba. An shirya taron ne dominsa. Babu jami'ar da za ta iya ba ɗalibinta wannan, kuma bai kamata ta yi ba, don ba aikinta ba ne.

Nan ne abin ke da haɗari ga matashin kansa. Da zarar an fara kiran sunansa tare da tarihi, sai ya zama yana bin iyayengiji biyu: tawagar da ke son maki, da agogon da ke son dare na musamman. Sai a cusa tseren neman lokaci tsakanin gasannin dole. Ƙashin ɗan shekara 20 da ke ɗaukar nauyin gudun sama da kilomita ɗari a mako ba ya yin gargaɗi sosai kafin ya tsage, kuma kaka ɗaya da aka rasa a wannan shekarun ta fi kowane tarihin jami'a tsada. Kocin da ya hana ɗalibinsa wani tseren neman tarihi don ya tsira da lafiyarsa ba ya samun kanun labarai, amma sau da yawa shi ne ya yi aikin.

Adalci ne a kawo abin da masu ɗaya ra'ayin za su ce, domin suna da abin faɗa. Katangar da ke tsakanin ɗalibi da ƙwararre tana zaizayewa. Tun 1 ga Yulin 2021 NCAA ta halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu, kamfanonin takalma kuma ba su yi jinkiri ba. Hanyoyin atisayen da a da sirrin sansanoni ne yanzu suna intanet. Graham Blanks na Harvard ya zo na tara a tseren ƙarshe na mita 5,000 a Paris, ya koma aji, ya sake cin kofin gudun daji a Nuwamban shekarar. Parker Valby ta Jami'ar Florida ta share tarihin mata na mita 5,000 da 10,000 a kaka ɗaya, ita ma ta kai tseren ƙarshe a Paris. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya tabbatar da cewa fitaccen ɗalibin yau ɗan tsere ne na matakin duniya. Amma a lura da matsayin da suka samu: na tara, na goma sha biyu. Shiga ɗakin daban, zama a kujerar gaba daban. Kuɗin talla na iya sauƙaƙa wa ɗalibi rayuwa, amma ba ya cire kaka uku daga kalanda.

Abin da ya faru da Young bayan ya tuɓe rigar makaranta ya fi kowace muhawara bayani. A tsakiyar 2024 ya sa hannu da kamfanin Adidas, ya ci gaba da zama a Flagstaff tare da kocinsa Mike Smith. Tudu ɗaya, koci ɗaya, jiki ɗaya. Abin da ya canza shi ne yanzu shi ke zaɓar ranakun gasarsa. Ranar 12 ga Yunin 2025, a filin Bislett na Oslo, inda Rono ya rufe kwanakinsa 81, aka shirya tseren mita 5,000 da nufin farautar tarihin Cheptegei. Tarihin bai faɗi ba. Amma da aka zo zagayen ƙarshe, Young ne ya fito daga cikin gwanayen Habasha ya riga kowa, da 12:45.27, sabon tarihin Amurka na buɗaɗɗen fili. Ya rage kusan daƙiƙa 12 daga lokacinsa na Boston cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Muhimmin abin a daren shi ne yadda ya ci: da ƙarfin ƙarasawar da ya rasa a Eugene. Bayan 'yan makonni ya doke Fisher ya zama zakaran Amurka a mita 10,000. Duk da haka, tsakaninsa da 12:35.36 akwai sauran kusan daƙiƙa goma, kuma waɗannan goman sun fi sha biyun da ya riga ya ci wuya.

A watan Satumban 2025 aka yi gasar cin kofin duniya a Tokyo, cikin zafi da gumi. Tseren ƙarshe na mita 10,000 ya tafi a hankali har ya zama abin mamaki, babu mai son jan gaba. Jimmy Gressier na Faransa ya ɗauki zinare da 28:55.77, sama da minti biyu a bayan tarihin jami'o'in Amurka, lokacin da ɗalibai da dama ke yi kowace bazara ba tare da an san sunansu ba. Yomif Kejelcha na Habasha ya zo na biyu, Andreas Almgren na Sweden na uku. Kipkurui, wanda watanni kaɗan kafin nan yake sanye da rigar New Mexico, ya zo na huɗu. Young ya zo na biyar. Mutum biyun da suka bi juna wajen kafa tarihin jami'o'in Amurka a wannan zango sun iso layi ƙasa da daƙiƙa ɗaya a bayan zakaran duniya, kuma babu wanda ya koma gida da lamba a cikinsu.